Siton da Babu Matakala

Jama'a, wallahi tallahi abin nan a gabana ya faru, ba ji na yi ba. Lokacin ina aiki a wani katafaren siton hatsi mai hawa uku da wani kamfani ya gina a bakin hanyar Sakkwato, kusa da Tambuwal, ni da yayana Bello, mu biyu munka taso daga Kebbe.

Siton nan ba don mutum anka gina shi ba. Sama babu matakala, babu taga, babu fitila, rufin ma ko ka duƙa sai ya taɓa ka, wai injiniya ya ce na'ura ba ta buƙatar haske ko iska. Wasu 'yan kurayen ƙarfe ne masu tuƙa kansu, muna ce musu jakai, su ke ɗaukar buhun gero su shiga lifta su hau su jera, manaja kuwa yana ƙasa yana danna kwamfuta.

Ran nan buhu ya fashe a hawa na uku, jakai sunka tsaya cak. Manaja ya ce Bello ya shiga lifta ya je ya share. Bello ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a kunna sai na ƙwanƙwasa." Ya ce to. Amma mota na jira, direba na ta hon, mutumin nan bai ji ƙwanƙwasa ba ya danna abinsa, jakai sunka tashi sunka murƙushe Bello. Da igiya munka sauko da gawar yayana. Manaja ya dube ni ido cikin ido ya ce shi ya ji ƙwanƙwasa. Matar Bello na da ciki lokacin. Na tsani manajan nan, ba zan ɓoye muku ba, kullum na yi sallah sai na kai ƙararsa wurin Allah.

Bayan sadakar arba'in, wata ranar Talata da rana tsaka, babu wuta, janareta ma an kwance shi ana gyara, muna zaune inuwa sai munka ji ƙwan, ƙwan daga sama. Manaja ya miƙe yana faɗa, wa ya hau? Kafin ya rufe baki wani jaki ya taho da gudu ya kwashe ƙafafunsa, ya faɗa kan jakin rigingine, lifta ta buɗe ta haɗiye su. Innalillahi! Ni na ga wayar janareta a ƙasa da idona.

Yana can sama yana ihu, "Malam Bello, yi haƙuri! Ban ji ba, wallahi ƙarya na yi!" Kowa ya ji, har direbobi. Mai gadi ya ce in kawo tsani, na ce ƙafata na ciwo. Sai da anka fasa bango kafin la'asar, anka same shi an cusa shi cikin gurbin da ake jera buhu, an jera gero gabansa tsaf.

Ya rayu, amma bai sake magana ba, danginsa sunka zo sunka tafi da shi. Injiniyoyi sun zo sun duba sun ce na'ura lafiyarta lau. Ni ban je gaishe shi ba, kuma har gobe ba ni zuwa.

Ku masu danna maɓalli, in kun tura mutum cikin ƙarfe, ku ɗauke hannunku har sai kun gan shi ya fito da ƙafarsa.