Katantanwar Maɗaci

Duk lokacin da na ji ƙaurin katako ya sha gurza, sai in tuna rumfar kawuna a Unguwar Kanawa. Kafinta ne, yana da injin da yake feƙe ƙafafun kujera. Nakan daɗe tsaye ina mamakin yadda gungume mai kusurwa huɗu ke shiga ya fito sumul.

A damina, idan yashi ya kwanta, wasanmu katantanwa. In ba ka taɓa yi ba, ga dokar: ka murza ta, tana cikin juyi ka kife ta da gefen hannu. Wanda ya kasa sai ya miƙa bayan hannunsa a sare shi da tsininta. Ni kuwa kullum hannuna a kumbure. Na gaji da zama abin dariya, sai na roƙi kawu ya yi mini wadda ta fi ta kowa juyi.

Ya ɗauko guntun maɗaci mai tsaga. Ya narka ƙaro a gwangwani, ya ɗura a tsagar, ya ce sai jibi. Kwana biyu ina zuwa ina latsawa da farce, yana korata. Ran na uku ya ɗaura a inji, ya kanga cizal, ƙarfen sassaƙa, dusar katako tana tsiri har gemunsa. Da ya gama, ƙaron ya fito kamar zuma a jikin katakon.

Ta yi juyi kam, har yara suka taru suna kallo. Sai dai ta kowa kwalfa ce, tawa kuwa cikinta a cike, na yi na yi ta ƙi kifuwa. Ranar na sha sara fiye da kullum, na koma ina hawaye.

Kawu ya duba hannun, ya ce, "Mai juyi ka ce in yi maka, ba ka ce mai kifuwa ba."

Ya mayar da ita inji ya rarake cikin, har sai da haske ke ratsa ƙaron. Ya ce in bi ta a hankali, ta yi siriri.

Kashegari na kife ta sau uku a jere. Wanda ya fi kowa cin zalina ya kasa, sai ya miƙo hannu, ya runtse ido. Na ɗaga, sai na tuna ƙaron nan zai iya tsagewa, na ce ya je na yafe.

Yanzu an shafe layin da siminti, 'ya'yana a waya suke kallon irin wannan aiki. Mai cin zalin nan nawa kuwa mun yi furfura tare, kuma duk taron da muka haɗu sai ya gaya wa jama'a cewa tun ina yaro nake da tausayi. Kunya nake ji, amma ban taɓa gyara masa ba.