Kauko Huotari, Maginin da Ya Ƙare a Gidan Haya

Kowace safiya, tun kafin motar madara ta wuce, za ka ji tsohuwar motar Kauko Huotari ta shigo filin da ke bayan rufaffiyar makarantar ƙauyenmu tana tari. Ba ya fara taɓa gatari. Wuta yake fara hurawa a cikin rabin duro, ya miƙa hannuwa a kai, ya jira jini ya dawo cikin yatsunsa, don zarton inji ya daɗe da kashe su. Da sanyi ya taɓa su sai su yi fari fat kamar kyandir. In sun yarda sun lanƙwashe, sai ya tsiyaya kofi a murfin fulas, ya gutsiri baƙin burodi, ya zagaya gumaguman ginin gida da ke jere, yana ƙwanƙwasa wannan yana shinshina wancan. Daga nan ya wasa gatari. Sai sara da sassaƙa har haske ya ƙare.

Fiye da shekara arba'in ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye, ba kuma don ya so ba. Likita a birnin Kajaani ya ce kafaɗarsa ta dama ta gama aiki. Na jira in ji ko ƙaramar hukuma za ta tara mutane, ko da kofi da kek ne, shiru. Shi ya sa ni Alpo, direban motar katako, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana sauke wa mutumin nan itace, na ce to bari in yi magana, ko da ban iya ta ba.

Duk wanda ya zo filin nan da tambaya ɗaya yake zuwa: nawa? Na tuna wani mutumin babban birninmu Helsinki da ya zo da takalmin da bai taɓa ganin laka ba, yana son ƙaramin gida a bakin tafki.

“Nawa za ka yi mini?”

“Ya danganta,” in ji Kauko.

“Da me?”

“Filin naka, mota tana shiga ko sai an yi hanya? Ƙasar dutse ce ko fadama? In fadama ce, abin da za ka binne a ƙasa zai kusa kai na bangon. Kana son gungume mai kauri, ko siriri wanda iska za ta riƙa gaishe ka ta cikinsa? Kusurwa nawa? Kowace kusurwa da hannu nake yanka ta. Sannan itacen sai tsakiyar sanyi ake sare shi, a fere ɓawon, a ajiye a inuwa ya sha iska shekaru. Wannan zaman da yake yi ma kuɗi ne.”

Mutumin ya yi dariya ya ce, “Tsoho, kamfani zai ba ni a rabin kuɗinka, kuma cikin wata guda.”

“Gaskiya ne,” in ji Kauko. “Je ka wurinsu.”

Ya kuwa tafi, kuma bai dawo ba. Haka da yawa suka tafi. Waɗanda suka tsaya kuma sai sun matsa an rage musu. To ina ragin zai fito? Mai daji ba ya ragi. Mai siminti ba ya ragi. Ofishin ba da izinin gini ba ya ragi. Ni ma da motata ba ragi, don gidan mai ba su san zumunci ba. Abu ɗaya tak ake iya tsakura a cikin kuɗin gida, shi ne ladan hannun Kauko. Shi aka yi ta tsakura shekara da shekaru. Ya jera gidaje a bakin tafkunan yankin nan, masu su suna zuwa hutu su kwana cikin ƙanshin itace, shi kuwa da matarsa Raili suna haya a bene na uku a ginin hukuma, wanda ba shi da na'urar hawa.

Ba wai bai yi shirin nasa ba. Mahaifinsa ya bar masa ɗan daji a kan gangare, da tsofaffin bishiyoyi miƙaƙƙu masu jan ciki, irin waɗanda yanzu ko da kuɗinka sai ka sha nema. Wata shekara ya zaɓi mafi kyau ya sare. Shi da Raili suka fere su da hannu, ni na kwaso, aka jera su a ƙarƙashin rumfa. Raili ta riga ta san inda tagar kicin za ta kalla, da inda za a sa murhu. Duk bazara sai ta ce, “Bana fa?” Shi kuma ya ce, “Bari in gama na mutanen nan tukuna.” Itacen ya bushe ya yi kyau, har in ka buga shi sai ya amsa kamar ganga.

Ana haka gobara ta tashi a gidan Mervi Piirainen, mai kula da tsofaffi a gidan jinyar ƙauye. Mijinta ya rasu tun yaranta biyu suna ƙanana. Wutar ta fito daga bututun hayaƙi ne a tsakiyar watan Janairu, Mervi ta fita da yaran da rigunan jikinsu kawai. Masu inshora suka duba suka ce bututun tsoho ne, suka ba ta abin da bai isa rufi ba ma. Ta zo fili wurin Kauko, ta tsaya kusa da duron wuta, ta kasa tambayar nawa. Shi ma bai ce ya danganta ba. Ya san ko da ta samu kuɗin, babu busasshen itace a duk yankin sai nasa.

Ina gidansu ranar da ya gaya wa Raili, don na biyo shan kofi. Ya juya cokali a kofinsa har na gaji da jin ƙarar, sannan ya ce, “Raili, itacen nan da ke rumfa...”

Ta ajiye tukunya. “Kada ka ƙarasa.”

“Yara biyu ne, suna kwana a ɗakin taro na coci.”

“Ni kuma ina kwana a fada, ko? Kauko, dubi hannuna. Ni na fere rabin itacen nan. Gwiwoyina suna kuka duk hawan da na yi wa benen nan. Kai ne hukuma? Kai ne inshora?”

“Za mu sare wani.”

“Wane? Waɗancan tsinkayen da suka rage?” Ta juyo kaina. “Alpo, kai ma ka buɗe baki mana, ko kofin kawai ka zo sha?”

Na ce ni dai direba ne.

“Dama,” ta ce. “Duk ku ɗaya ne.”

Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ba ta ce ta yarda ba, har yau kuma ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Amma da ƙanƙara ta narke aka kira aikin gayya, ita ce ta zo da babbar tukunyar miyar kifi da dankali. Ita ce kuma ta durƙusa da waɗannan gwiwoyin tana cusa gansakuka tsakanin gumagumai don kada iska ta shiga. Mai tarakta ya kawo tarakta. Wani ya kawo tagogin tsohon gidan iyayensa. Ni na kawo mota. Kauko ya yanka kowace kusurwa da kansa, bai karɓi ko sisi ba. Kafin ƙanƙara ta sake sauka, hayaƙi na fita ta rufin Mervi, yara sun koma makaranta daga gidansu.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban rubuta shi da ɗaci a baki ba.

Bayan wasu shekaru aka rufe makarantar, aka ce yara sun yi kaɗan. Aka rufe gidan jinyar tsofaffi, aka kwashe su da ma'aikatansu zuwa Kajaani. Mervi ba ta da zaɓi sai bin aikinta. A lokacin ne masu yawon buɗe ido suka gano tafkinmu, filayen bakin ruwa suka yi tsadar da ɗan ƙauyen nan ba ya ko tambaya. Wani kamfani ya ga gidan, ya ga kaurin bangon da aikin hannun, ya taya da kuɗin da ya saya mata gida a birni har da saura. Mervi ta zo bene na uku da kek a hannu don ta gaya wa Kauko da Raili da bakinta cewa ta sayar. Ta kasa ɗaga kai.

Kauko ya ce, “Gidanki ne, Mervi. Ba aro na ba ki ba.”

Raili ta ce, “Allah ya kiyaye hanya. Tafi da kek ɗinki, yara za su ci.”

Ban ga laifin Mervi ba, ko da yake na so in gani. Amma ku je ku duba tallan gidan yanzu. An rubuta cewa ginin hannu ne na gargajiya, da itacen da ba a samun irinsa. Ba sunan kowa. Kwana ɗaya a cikinsa ya fi abin da fanshon Kauko zai ba shi a mako. Tagar kicin ɗin tana kallon tafki, baƙi suna ɗaukar hoto a gabanta. Dajin gangaren kuwa, abin da ya rage sirara ne, kuma bishiyar da za ta yi bango sai ta girmi wanda zai sare ta.

Da kakar bara manajan kamfanin ya bugo waya. Sun kafa bahon ruwan zafi a jikin bango don baƙi, ruwa ya yi ta zuba har gungumen ƙasa ya fara ruɓewa. Sun nemi mai gyara ko'ina ba su samu ba, sai wani ya ba su lambar Kauko.

Raili ta ce, “In ka je, kada ka dawo mini nan kana nishi.”

Kauko ya ce, “Itacen bai yi laifi ba.”

Ni na kai shi. Ya sa jak ya ɗaga bangon, ya zare ruɓaɓɓen, ya sassaƙa sabo. Wajen tura shi ne na ji ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya zauna a ƙasa riƙe da kafaɗa, fuskarsa ta yi fari. Da hannun hagu ya ƙarasa aikin. Manajan, saurayi ne mai fara'a, ya zo ya shafa bangon ya ce, “Kai, wanda ya gina gidan nan ya iya aiki.” Kauko ya ce haka ne. Sannan saurayin ya tambaya ko za a ɗan rage masa, tunda gungume ɗaya ne kawai. Aka rage masa.

Kauko, na san in ka karanta wannan za ka ce na cika surutu. Ka yi haƙuri, yau dai sai ka ji. Kai ne ka ba da gidanka tun bai tashi daga ƙasa ba. Kai ne aka yi ta yanka ladanka don wasu su sami wurin hutu da araha. Gwanin kusurwa, ba ka taɓa ɓoye ruɓaɓɓen itace a bayan fenti ba, ko da mai gidan ba zai gane ba sai bayan ka mutu. Ƙauyen nan ya ci amfaninka, ya bar ka kana taimaka wa matarka hawan bene da hannu ɗaya. Ke ma Raili, wannan gaisuwar rabinta taki ce. Ba a tambaye ki ba aka ɗauki naki, kika kuma zo kika dafa wa masu ɗauka abinci.

Makon jiya na same shi a shagon kofi na gidan mai, na ce, “Kauko, mu kira gayya. Wannan ya ba da bishiya biyu, wancan uku, mu yi muku ɗan ɗaki ko da ƙarami ne.”

Ya dube ni ya ce, “Wa za ka kira? Rabinsu suna maƙabarta, rabi suna Kajaani. In ma an sare bana, sai ya sha iska shekaru. Ka ga ni da Raili muna da wannan lokacin?” Ya kurɓi kofi. “Kuma wa zai yanka kusurwa? Kai?”

Gaskiya ya faɗa. Duk yankin nan babu wanda ya tsaya ya koya a hannunsa. Matasa sun ga yadda sana'ar ta yi da shi, suka nufi birni, ba kuma zan zarge su ba.

To mun gode, Kauko. Godiya ce ta baki, na sani, ba ta rufe kan kowa, amma ita ta rage mana. Ku kuma masu karatu, in za ku gina gida, ku nemi ragi a wurin mai siminti, ku bar hannun mai aiki. In maƙwabcinku ya rasa rufi, ku duba abin da kuka ajiye a rumfa. In kuma akwai wanda ke da ƙarfi a kafaɗa, mace ko namiji, da yake son sanin yadda ake ɗora gungume a kan gungume iska ta kasa wucewa, mutumin yana nan, teburin kusa da taga a gidan mai. Hannun ya ƙare, amma idon da bakin suna aiki. Ba zai ce ku biya shi ba, don bai taɓa iya faɗin wannan ba. Ku dai ku biya shi, kada kuma ku nemi ragi.