Hoton Kaka a Cikin Fulofi

Kakarmu ba ta yarda da hoto ba. Ranar suna ko biki, da ta hango mai kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya, tana cewa mai son ganinta ya zo gida, ai ba ta ƙaura ba. Ko na fasfon Makka da ƙyar aka ɗauka, shi ma ya bi ruwa shekarar da ambaliya ta shigo mana ɗakuna a Asawase. To da ta rasu aka fara shirin addu'ar arba'in, sai magana ta tsaya a kan fosta. A Zangon Kumasi yanzu ba a addu'a babu fosta. Wajen maƙwabtanmu Asantawa muka gani, har muna neman fin su: a buga fuskar mamaci, a liƙa a bakin lungu, a ɗaura babba a jikin rumfa. Malamai na ta faɗa a kai, mu kuma muna ta bugawa.

Mma, mahaifiyata, ita ce ta tuna. Ta buɗe adakarta ta zaro wani abu baƙi mai kusurwa huɗu, naɗe cikin tsohon ɗankwali, yana ta ƙamshin turare. Fulofi ne, irin faifan da ake adana abubuwan kwamfuta a ciki a da. Ƙaninta da ke Jamus, wato kawuna, ya taɓa zuwa hutu da wata kyamara mai cin fulofi, a zamanin da ko wayar hannu ba kowa ke da ita ba. Da zai koma ya miƙa mata, ya ce, "Yaya, ajiye wannan, tsohuwa tana ciki." Ta ajiye. Ba ta taɓa ganin abin da ke ciki ba, shi ma da aka kira shi a waya ya ce wallahi ya manta yadda hoton yake.

Ni kuwa a gidanmu ni ne mai kwamfuta. Ba wani karatunta na yi ba, shagon buga takardu kawai na taɓa riƙewa, amma in rediyo ya yi shiru ko wayar wani ta ƙi caji, ni ake kira. Kuma ina da baki, Allah ya sani. Na karɓi fulofin na juya shi a hannu na ce, "Mma, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ki sa a ranki kin ga tsohuwa."

Ashe ba ƙarami ba ne. Kwamfutocin yanzu ba su da ramin da ake zura fulofi. Na bi masu sayar da tarkacen Turai tun daga kasuwa har bayan Magazin, unguwar makanikai, ina shiga wannan trotro, wato motar haya, ina fita wancan, yara masu shago suna kallona kamar na zo neman gishiri a kantin taya. Daga ƙarshe a gindin wani kwali, ƙarƙashin matattun na'urorin bidiyo, na samu ɗan akwatin da ke karanta fulofi, irin wanda ake jonawa ta waje. Sai dai kan wayarsa faffaɗa ne, haƙora reras a jere, da sukurori biyu a gefe. Babu inda zai shiga a kwamfutata.

Sai na tuna da wata tsohuwar kwamfutar cinya da kawun ya bari a gidan, mai kauri da nauyi kamar bulo, wadda muke ɗora fanka a kai. Na kakkaɓe ta, na juya bayanta, ga ramin nan faffaɗa yana jira. Kai, ranar na ji daɗi! Na tura kan wayar, ya ƙi. Na duba, ashe haƙori ɗaya ya lanƙwashe. Na ari allurar ɗinkin Mma na miƙe shi a hankali, ina riƙe da numfashi, don in ya karye shi ke nan. Ya shiga, na ɗaure sukurorin. Na kunna, kwamfutar ta tashi da nishi, amma ba ta san an jona mata komai ba. Na kashe, na sake jonawa, na kunna, na zage ta, na ba ta haƙuri. Can sai ɗan koren fitila ya kama a goshin akwatin. Na zura fulofin, ya yi ƙarr, ƙaƙ, ƙarr, sunan hoto guda ɗaya ya fito a allo.

Nan ne ya kamata in danna in gani ni kaɗai. Ɗaki a rufe, babu kowa. Amma ina! Wanda ya sha wuya yana son a san ya sha. Na bar hoton ban buɗe ba, na ɗauki kwamfutar da akwatinta da doguwar wayar wuta, na fito da su tsakar gida na ɗora a kan benci, na leƙa ƙofa na yi shela.

Bayan la'asar ne, lokacin da masu zaman makoki suka fi yawa. Alhaji ya shigo, tsohon aminin marigayi kakanmu, wanda ke ja mana salla a masallacin lungu. Surukai suka biyo shi. Har da makanikan Magazin da suka girma da waken Kaka, don shekara da shekaru a bakin garejinsu take kafa tukunya. Mata suka fito daga ɗakuna suka tsaya a baya. Na sa aka kawo wa Alhaji kujera gaban allo. Har jawabi na yi, wai irin wannan aikin ba kowa ke iya shi ba a Kumasi. Sannan na danna.

Tsohuwar kwamfuta ba ta nuna hoto gaba ɗaya. Daga sama take farawa, layi-layi, akwatin na ƙarr, ƙaƙ. Kwanon rufin gidanmu ya fito, mutane suka ce, "Ei, gidan nan ne!" Igiyar shanya ta fito. Bangon ɗakin Kaka ya fito, da tsohuwar tagar katako. Sai wani abu fari ya fara bayyana. Na ɗauka ɗankwali ne. Layi ya ƙaru, na ga tsaga, na ga cebur ɗin kitso a soke. Furfura ce. Gashin Kaka ne a tsefe, rabi an kitsa rabi a warware, hannun mai kitso a ciki. Kawu ya ɗauke ta ne ba ta sani ba, ranar da take kitso a tsakar gida, cikin mata.

Matar da mazan unguwar nan ba su taɓa ganin ko kunnenta ba. Matar da in almuru ta yi baƙo ya yi sallama, sai ta nemi mayafi kafin ta amsa. Ga kanta a buɗe gaban liman da surukai da makanikai, kwana kaɗan da binne ta, kuma jikanta ne ya kafa musu kujera.

Alhaji ya ce, "Subhanallahi," ya kawar da kai. Makanikan suka sunkuya suna kallon takalmansu. Ni kuwa na san maɓallin da ake dannawa a rufe, na danna shi sau dubu a rayuwata, amma na tsaya kamar gunki, layi yana ta sauka, ya kai goshinta. Mma ce ta ratso mutane. Ta cire mayafin da ke kafaɗarta ta lulluɓe allon, ta soke gefensa ta baya yadda iska ba za ta ɗaga ba. Akwatin ya ci gaba da ƙara a ƙarƙashi har ya gama, ya yi shiru.

Alhaji ya dafa sanda ya miƙe. Ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa kanta." Aka amsa da amin, maza suka fita ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya zage ni. Da ma wani ya kwaɗa min mari, da na samu inda zan sa fuskata.

Kunya takan sa mutum ya ƙara ɓaro wata. Na matsa kusa da Mma na ce a hankali, "Mai fosta zai iya zana mata mayafi da kwamfuta, ba wanda zai gane."

Ta dube ni. "Tana da rai ta ce a'a. Don ta mutu sai ka ce ta ce i?"

Ta sa yayyena mata suka ɗauki kwamfutar da mayafin a kanta suka shiga ɗakin Kaka. Na bi su da wayar wuta, na jona musu a bango da sauri, don batirin ba ya daɗewa. Na miƙe zan tsaya, ai ni jika ne, a bayanta na yi wayo. Mma ta ce, "Fita. Ja mana ƙofar."

Na ja, na zauna a dakalin ƙofa. Sai na ji wata ta ce, "Wayyo, dariya take yi! Ku dubi wushiryarta!" Suka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Fostar addu'a ta fito da sunanta da aya, babu hoto. Mma ta mayar da fulofin inda ba ta faɗa min ba, ni kuma har yau ban iya buɗe baki na tambaya ba. Iyakar abin da na gani goshinta ne.