Kalli Mai Zanen Itila

In ka shigo Diffa ka ga allon mai aski a bakin titi, kawuna jere, kowanne da irin askinsa, matsa kusa ka dubi ƙasan hancinsu. In ka ga wurin ya fi sauran fuskar kauri, kamar an shafa fenti an sake shafawa, to aikin Kalli ne. Gashin baki ya binne a wurin. Hannunsa ne ke sa shi ba da izininsa ba, sai ya gama ya ja da baya ya ce "Kai!", ya ɗauko burushi ya rufe.

Kalli taubashina ne, ɗan kawuna, ni kuwa Kaltum ɗiyar gwaggonsa. Don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Shi ma ba raga mini yake ba, da furfurata da komai "baiwata" yake ce mini a tsakiyar kasuwa, gaban masu sayen tattasaina.

Wannan gashin bakin gado ne. Kakanmu Kashim, mahaifin innata Ya Fanna, yana cikin samarin da Faransa ta ɗiba soja a yaƙin duniya na biyu. Ya dawo ƙauyenmu na bakin Komadugu da tarin da ba ya jin magani da wani akwatin ƙarfe. A cikin murfin akwatin ya manna wata takarda da ya yago daga jarida can ƙasar Turawa. Zanen barkwanci ne, irin wanda ake yi a lokacin don a mai da shugaban Jamus, Hitler, abin dariya. Mu Itila muke ce masa. An zana shi yana tashi sama, ido waje, gashi ya zubo masa a goshi, ga ɗan gashin baki ƙarƙashin hanci kamar ƙuda ya sauka, alamar nan mai ƙugiyoyi da ke damtsensa ta tsinke tana faɗuwa. A bayansa kuma wani baƙin soja mai jar hula ya ɗaga ƙafa, shi ya yi shurin.

Kaka ya ce sojan nan shi ne. Ni dai ban yarda Baturen da ya yi zanen ya taɓa sa Kaka a ido ba. Amma ba mu da wani hotonsa, katin sojansa ma gara ta cinye, kuma ni da Kalli muna rarrafe ya rasu. Sai takardar ta zama hotonsa. In baƙo ya zo ya tambayi mai gidan, a buɗe masa akwati.

A bakin kogi shinkafa muke nomawa ban da tattasai, kuma duk mai shinkafa ya san jan baki, tsuntsayen nan da ke saukowa gari guda. Ya Fanna ta ce wata shekara Kaka ya gaji da ihu da jifa, sai ya ɗauki duma ya shafa masa farar ƙasa, ya kwaso baƙin tukunya ya zana fuskar Itila. Ya kafa a kan sanda, ya sa masa yagaggiyar riga. Ya ce mutumin da ya hana duniya barci ai ba zai kasa hana tsuntsu cin shinkafa ba. Tsuntsayen suka ɗan ji tsoro da farko, daga baya suka mai da kan wurin hutawa, suna yi masa kashi. Kaka bai damu ba. Ya ce ko ya kore su ko su ɓata masa kai, duka biyun daidai ne a wurinsa. In an gama girbi kuma shi da kansa yake zuwa ya shure duman, yara su bi shi da gudu.

Da Kaka ya rasu, kawuna mutum ne mai jin nauyin kansa, ya ce shi ba zai yi shuri da girmansa ba. Aka bar shurin, aka riƙe duman. Kalli a kan duman nan ya koyi zane. Tun bai iya wanke hancinsa ba yake buɗe akwati ya zauna yana kwaikwayo, har ya fi ubansa. Maƙwabtan gona suka fara kawo nasu duman, sai ga ƙauyukan gaba. In shinkafa ta fara nuna ka bi bakin kogi, Itila nan, Itila can, kowanne da kashin tsuntsu a goshi. Ba wanda ya taɓa ce wa Kalli ya zana masa sojan. Me za a yi da soja a gona? Tsuntsu ba ya tsoron mutumin kirki.

Sai shekarar da rikicin ƴan bindiga ya tashe mu daga bakin kogi. Ba na son dogon zance a kanta. Mun fito da abin da ke jikinmu, Kalli ya goyo Ya Fanna wani wurin, wani wurin ta taka. Waɗanda suka leƙa daga baya suka ce gidan ya ƙone, akwatin ma ba su gan shi ba. Ya Fanna ta zauna wurina a Diffa, Kalli kuwa ya sayi gwangwanayen fenti ya shiga rubuta allunan butik, wato kantuna, da na masu aski.

Aikinsa na farko na Habila ne, wani mai aski Kirista da ya zo daga kudu, mutum mai tsabta da son tsari. Kalli ya kawo allo a lulluɓe, ya yaye zane yana washe baki. Habila ya duba, ya sake dubawa, ya riƙe ƙugu.

"Malam Kalli, duk waɗannan ƴan gida ɗaya ne?"

Kawunan duka da ɗan gashin bakin nan, har da na yaro.

"Ka san ko wane ne wannan?" in ji Habila. "So kake a rufe mini shago?"

"Na san shi fiye da kai," in ji Kalli. "Mu muke tsare shi a gona tun zamanin kakana."

Ya dai rufe su da fenti. Tun daga ranar Habila ke kiransa Mai Itila, sunan kuma ya bi shi har masallaci. Kalli yana nuna wai yana jin haushi, amma ƙarya yake, na ga yadda yake gyara hula in an kira shi.

Bara idon Ya Fanna ya fara tafiya. Muka kai ta asibiti, likita ya ce ba irin yanar da ake kankarewa ba ce, hasken zai riƙa raguwa ne har ya ɗauke. Ba ta yi kuka ba. Da muka dawo gida ta ce a kira mata Kalli.

"Ɗana," ta ce, "kafin duhun ya rufe ina son in sake ganin babana. Takardar nan ta cikin akwati, ka zana mini ita."

"Wannan ne kawai, Gwaggo?" Ya bugi ƙirji. "Ni da na girma a kanta? Gobe war haka tana hannunki."

Washegari ya shimfiɗa takarda a tsakar gidana. Kafin in dama kunu ya gama Itila, da idon, da gashin, da tsinkakkiyar alamar. Sai ya matsa gefen da soja zai tsaya. Ya zana jar hula. Ya tsaya. Ya fiƙe fensir, ya sha ruwa, ya ce inuwa ta yi yawa, ya koma rana, ya ce rana ta yi yawa. Har azahar hula ce kawai a sama, babu kowa ƙarƙashinta.

"Mai Itila," na ce, "ko dai Kaka ya tafi fitsari ne ya bar hularsa?"

Ya sake fiƙe fensirin da ya riga ya fiƙe, a nan na san abin ya yi tsanani. Duk shekarun da ya yi yana buɗe akwatin nan, gefe guda kawai idonsa ke kallo.

Ya dai ƙaga wata fuska ya kai mata. Ta kawo takardar dab da hancinta, ta ce wannan ai Habila ne. Wallahi kuwa Habila ne, har da kunnuwan. Ya sake wata, ta fito mai shayin bakin tasha. Ya sake wata, hannun nan nasa ya ci amanarsa, ya manna wa Kaka gashin bakin Itila. Allah ya so shi na gani kafin ta gani, na ƙwace na cusa a murhu.

Ya ce ta kwatanta masa. Hancinsa fa? Ta ce hanci dai irin na mutane. Idonsa? Ta ce masu kyau. Dogo ne ko gajere? Ta ce lokacin da take yarinya dogo ne. Kalli ya dafe kai. Haka muka yi ta yi har damina ta fita, yana kawowa tana girgiza kai, kuma kullum takardar sai ta ƙara matsowa kusa da fuskarta. Kalli ya bar karɓar aikin allo, ya rame, barkwancin ma ya ɗauke masa. Rannan ta ajiye takardar a cinya, sai na ga hawaye.

"Kar ku ga laifin yaron nan," ta ce. "Ni ma na neme ta na rasa. Fuskar wancan la'anannen ko na rufe ido ina ganinta, ta ubana kuwa ta ɓace mini."

Maganar ta soke ni. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ce hayaƙi ne.

Ana nan wani manomi daga Gagamari, mutumin ƙauyenmu ne da, ya sami ɗan fili ya shuka shinkafa, ya aiko wa Kalli duma. Kalli ya zo da shi gidana da la'asar, ya zana shi yana hira ko kallonsa ba ya yi, ya ɗora a kan kifaffen turmi kusa da ƙofa don ya bushe. Sannan ya zaro sabuwar fuskar da ya yi wa Kaka ya miƙa wa Ya Fanna. Ta juya takardar sama, ta juya ta ƙasa.

"Ɗana, akwai zane a nan kuwa? Fari kawai nake gani."

Muka kalli juna. Ni in abu ya fi ƙarfina bakina ne ke tsinkewa, sai na ce, "Ga dai abokinka can a kan turmi ya fito tsaf, ko aure za a kai shi."

Kalli ya miƙe. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya nufi duman yana nuna shi da yatsa.

"Duk kai ka jawo! Ka cinye mini hannu, ka cinye mini kai, ko kusurwa ba ka bar wa bawan Allah ba!"

Ya tattare riga, ya ja da baya, ya kai masa shuri. Duman ya tashi ya haye katanga, takalmin Kalli ya bi shi, hula ta yi nata wuri, shi kuwa ɗaya ƙafar ta zame ya zauna daɓas a ƙasa. Rana tana bayansa ta bakin ƙofa, duk abin ya fito baƙi a cikin haske.

"Baba!"

Ya Fanna ce. Ta miƙe tsaye ba sanda, tana dariya har tana riƙe ciki, hawaye na zuba.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Haka yake tattare rigar, haka hular ke tashi. Kowace shekara sai ya faɗi, kowace shekara inna ta ce masa ya bari, ba ya ji. Ɗana, bar fuskar nan, wannan za ka zana mini."

Kalli yana zaune a ƙasa yana murza ƙugu ya ce, "To ai Gwaggo ban ga kaina ba."

Na ce wannan mai sauƙi ne, ga salula. Na aika aka ɗauko duman daga gidan maƙwabta, na ce ya sake shurin in ɗauke shi hoto. Ya sake, ya faɗi. Na ce bai kama ba. Ya sake. Tun na farko ya kama, amma yaushe zan sake samun Kalli a hannu haka? Sai da Ya Fanna ta ce in ji tsoron Allah na ƙyale shi.

Bai yi shi a takarda ba. Ya shafe katangar da ke kallon ƙofar ɗakinta da farar ƙasa, ya zana da baƙin fenti, tsayin mutum. Ga Kaka ta baya, riga a tattare, ƙafa a sama, ɗaya ƙafar ta fara zamewa, hula na tashi. Duman ya yi shi ɗan ƙarami can sama kusa da bakin katanga, ya juya mana ƙeya. Na duba lungu da saƙo na zanen, babu gashin baki ko ɗaya.

Ta gan shi. Ta yi ta kallonsa har sanyi ya shiga, kullum da hantsi in rana ta bugi katangar. Da hasken ya ƙarasa ɗaukewa, Kalli ya zo da gwangwaninsa ya zuba yashi a fentin, ya bi zanen ya shafa ya sake shafawa, aikin da ya riga ya ƙware a kai wurin binne gashin baki, har ya yi tudun da hannu zai ji.

Yanzu kowace safiya in ta idar da salla takan lallaba ta bi bango. Tana farawa daga ƙafar da ke ƙasa, ta bi rigar, ta miƙa hannu ta kamo wadda ke sama. Jiya ina shara na ji ta tana dariya ita kaɗai, tafin hannunta a kan bayansa kamar mai tallafe shi.

"Baba, bi a hankali," ta ce. "Za ka faɗi."