Tokar Rumbun Yayana

Ina ofis a Gusau aka bugo mini waya cewa rumbun yayana ya ƙone a 'Yankuzo. Ranar Juma'a ce, maza duk suna masallaci. Matarsa ta ga maƙwabcinsu, wanda suka daɗe suna rikicin iyakar gona da shi, yana fitowa daga bayan danga, bai yi nisa ba hayaƙi ya tashi. Geron shekara guda ne a ciki, abincin mutum tara.

Ni ba lauya ba ne, amma zaman birni ya koya mini cewa cinna wa dukiyar wani wuta da gangan laifi ne babba, ɗaurinsa na shekaru ne, kuma kotu kan sa a biya ɓarna. Na ja wa yaya kunne a waya, na ce kada kowa ya taɓa wurin. Ya ce to, irin to ɗin da ake yi wa ƙane.

Washegari da hantsi na biya ta Tsafe na ɗauko ɗan sanda. Da muka isa, wallahi babu ko alamar gobara. Wurin fes. Mutanen unguwa sun yi gayya tun da asuba, sun kwashe tokar sun kai gona, sun share, har an fara kwaɓa ƙasar sabon rumbu. A wurinmu ba a barin mutum ya wayi gari yana kallon tokar asararsa, abin kunya ne ga maƙwabta. Shi kansa wanda ake zargin yana cikinsu, laka har gwiwa, ya fi kowa zufa.

Na ja yaya gefe ina faɗa. Ya dube ni ya ce, "To mi kaka so in yi? Mutane sun taho taimako, in kore su?"

Ɗan sandan ya zagaya, ya rasa abin da zai ɗauki hotonsa. A kotu muka yi ta jeka-ka-dawo wata huɗu. Alƙali ya nemi shaida, babu sai maganar matar yaya, ita ma ba ta ga ashana a hannunsa ba. Waɗanda suka yi gayyar kuwa suka shaida, da gaskiyarsu, cewa mutumin ya yi aiki kamar rumbun ubansa. Aka sallame shi. Haushin da na ji ranar har yau bai sake ni ba, don ban san wa zan zaga ba, kowa alheri ya yi.

Kafin damina ta faɗi abincin da dangi suka tara musu ya ƙare. Na sayi buhun gero a kasuwar Gusau na ɗora a mota. Yaya ya tare ni tun a bakin gari, mutumin da bai taɓa cin hatsin awo ba tun da ya fara riƙe fartanya. Bai kalli buhun ba. Ya rage murya ya ce, "Ka zagaya da shi ta baya, kar a gani."