Wanne Ne a Cikin 'Ya'yan Zumra

Ni na jawo wa kaina. Bara waccan na sayi 'yar kwalbar nan da ake tofa yawu a ciki a aika ƙasar waje, su gaya wa mutum asalinsa. Kafin sakamako ya dawo na riga na cika shagon kofin unguwarmu da labarin cewa kakan kakana babban hafsan Turkawa ne, mai doki da takobi. Da sakamakon ya iso, babu hafsa babu doki. Abin da ya nuna kawai shi ne ina da ɗan'uwa na jini a nan Tuzla, kuma ba kowa ba ne illa Refik mai aski, wanda muka yi shekaru ba ma gaisawa saboda wurin ajiye mota. Matata Fikreta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "To jikan hafsa, tashi ka kai wa ɗan'uwanka gaisuwa, kafin wata rana wajen aski ya haɗa da kunnenka."

Labarin ya kai wa Gwaggo Zumra, ƙanwar mahaifina. Sai ta aiko a kira ni.

A wani ƙauye na kan dutse aka haife ta, can gabas inda ake hango kogin Drina, a can kuma ta yi aure. Mijinta Avdo ya rasu da ciwon ƙirji tun kafin yaƙi, ya bar ta da tumaki, da gonar tuffa, da yara maza biyu, Nusret da ƙanensa Vahid. Tazararsu shekara guda ce da 'yan watanni, tsayinsu ɗaya, takalmi ɗaya suke sawa. Ni a birni na tashi, sai da hutu nake zuwa su koya mini hawan bishiya suna yi mini dariya. Lokacin zafi na 1995, da babban garin yankinsu ya faɗa hannun abokan gaba, maza suka shiga daji, aka loda mata a motoci. Ta ba kowannensu burodi da safar ulu. Ba ta sake ganinsu ba. Babu wanda ya yi aure a cikinsu.

Tun daga nan tana Tuzla, a ɗaki ɗaya a hawa na uku. Tana saƙa safa tana kaiwa kasuwa, tana shuka tattasai a gwangwanaye a bakin taga. Da masu neman waɗanda suka ɓace suka zo karɓar jinin dangi, tana cikin na farko da suka miƙa yatsa.

Na same ta tana zuba kofi. Ta ce, "Sarkin surutu, an ce yanzu kai ne malamin asali."

"Gwaggo, ai asalin ne ya kunyata ni."

"Zauna. Kai ka nemi matattun da ba ka sani ba, ni nawa nake nema."

Abin da ta faɗa mini na san rabinsa. Shekarun baya an kira ta, an ce an sami ƙasusuwa a ɗaya daga ramukan da aka tone da motar haƙa aka kwashe gawawwaki zuwa wani wuri don ɓoye sawu. Ƙafa ɗaya ce, da ƙugu, da 'yan haƙarƙari. Gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar ɗanta ne. Amma jinin uwa ba ya raba wa da ƙane, sai in ɗayansu ya bar ɗa. Likitar da ta yi gwajin ta ce in an sami ƙasusuwan na biyun, wataƙila a gane babba da ƙarami. Shi ya sa duk shekara, in jana'izar gayya da ake yi a watan Yuli ga waɗanda aka gano ta matso, sai Gwaggo ta ce a dakata.

Rabin da ban sani ba shi ne wannan: a ƙashin ƙaurin akwai tsohuwar karaya da ta warke tun yarinta.

Na ce, "To ai magana ta ƙare! Wa ya taɓa karyewa?"

Ta ajiye butar kofin a hankali. Ta ce, "Daga kan tuffa ya faɗo. Ni na goya shi har gidan mai ɗori. Ina jin nauyinsa a bayana har yau, ina jin hawayensa a wuyana. Fuskar ce ba na gani, Sakib. Yana bayana."

Ta ce zuciyarta ta fara gajiya, likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. Tana son ta binne shi da ranta, kuma ba ta son ta binne shi da sunan ɗan'uwansa.

Haka na shiga yawon takardu. Littafin haihuwa na yankinsu ya ƙone, amma an ce akwai kwafinsa a wani gari. Na je, wata ma'aikaciya ta buɗe mini. Ga Nusret, ga Vahid, layi na bin layi, ranar haihuwa ɗaya. Tagwaye.

Na dawo ina haki. "Gwaggo, ashe tagwaye kika haifa ba ki sani ba?"

A karon farko ta yi dariya. "Aikin Avdo ne, Allah ya jiƙansa. An haifi Nusret ƙanƙara ta rufe hanya, ya ce sai ta narke. Ta narke, ya ce sai an gama shuka. Kafin ya sauka gari shekara ta zagayo, Vahid ya iso. Don kada a yi masa faɗa, ya ce a rubuta su tare. Rabin ƙauyenmu haka aka rubuta su."

Asibiti ba su da komai, don mutanen kan dutse ba sa kai karaya asibiti, kuma mai ɗorin ya daɗe a ƙasa. Hotunan makaranta sun tafi tare da gidanta na ƙauye a yaƙin. Na nemo tsofaffi biyu 'yan ƙauyen da suka rage, Hajra da Mejra, na haɗa su a ɗakin Gwaggo. Hajra ta rantse Nusret ne, don shi ne mai rawar kai. Mejra ta ce, "Ke da ko sunan jikokinki sai an tuna miki! Vahid ne, ni na kai masa miya." Suka kaure har kofi ya zube. Gwaggo tana zaune tana duban bakin wannan, tana duban bakin waccan, kamar mai jiran hukunci. Da suka tafi ta ce, "Su ma ba su sani ba."

Ta tambaye ni ko ni na tuna. Na rufe ido na nemo su. Na ga bishiyar, na ga yara biyu a sama suna jifana da tuffa. Babu mai ɗingishi a cikinsu. Na gaya mata gaskiya.

Da ƙanƙara ta narke bana, ta sa hannu a kan a binne shi a watan Yuli. Ta ba ni ɗaurin safa na kai kasuwa, don ƙafarta ta daina hawa da sauka. Abin da ya rage shi ne dutsen kabari, mai sassaƙa yana jiran a gaya masa abin da zai rubuta. Na zauna gabanta ina juya kofina, na ga yadda ta rame, na ce bari in sauƙaƙa mata.

Na ce, "Gwaggo, wasu gidajen sunaye biyu suke rubutawa a dutse ɗaya. A sa Nusret, a sa Vahid. Ko wanne ne, kin dace. Ai dama komai tare suke yi."

Ta ɗago ta dube ni, allurar saƙa a hannunta.

"Masu haɗa su a rami ɗaya sun riga sun yi aikinsu, ba sai na taya su ba. Daban-daban na haife su. Ka ce wa mai sassaƙa ya rubuta ɗan Zumra, ya bar gurbi a sama. A bakin kabari ai da sunan uwa liman ke kiran mamaci, zai ji, zai amsa. Shi ya san sunansa, wanda zai tashe shi ma ya sani. Kai ne kaɗai sai an rubuta maka a takarda kafin ka san ko kai wane ne."