Sadakar Rolon

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kai ni makarantar kwana shi ne 'yan kwalabe. Kusan kowace lokar ajiye kaya da tata a kai, wata fara, wata ruwan hoda, gajeru masu zagayayyen murfi. Na zaci man leɓe ne. Sai da gari ya waye na ga yarinyar da ke kwana a gadon saman nawa ta cire murfin, ta ɗaga hannu, ta murza wani ɗan ƙwallo a hammatarta. Rolon suke ce masa.

Ni abin da Inna ta ƙulle min a tsumma guntun alif ne, irin wanda muke jefawa a randa idan ruwan kanal ya zo da laka. Ta ce in jiƙa shi in goga bayan wanka. A ƙauyenmu, can gefen Bunkure, haka kowa yake yi, kuma ba wanda ya taɓa toshe hanci don na gifta. Sai dai gidanmu gidan albasa ne. Idan an cire ta, Baba yakan baza ta a ɗaki yana jiran ta yi daraja, akwatina kuma a wannan ɗakin ya yi ta zama da kayana a ciki. Ni ban ji komai ba. Wanda ya tashi a cikin albasa ba ya jin ta. Ga shi kuma ina da gumi, rigar makarantar mai kauri ce, hijabi a kai, kafin a fita hutun tara ta jiƙe.

Kowace Asabar da safe akan jera mu a baranda a duba tsafta. Siniyar tsafta doguwa ce, 'yar ajin ƙarshe, ta tara farce a ƙaramin yatsanta ta yi masa lalle. Ba ta taɓa mu da hannu, da rula take aiki. Ta duba farce, ta duba kitso, ta duba haƙora, a ƙarshe ta ce, "Hannu sama." Sai ta ɗan sunkuyo ta shaƙa. Wadda ta faɗi, a fitar da katifarta zuwa ƙarshen baranda, bakin ƙofar banɗaki, ta kwana a can har sai wata Asabar ɗin ta wanke ta. Bayan katangar wajen gonakin shinkafa ne, sauronsu ba ya jiran magariba. Kuma duk mai shiga banɗaki sai ta tsallake ki.

Da Siniya ta zo kaina a Asabar ta farko, ta shaƙa, ta ɗago, ta daɗe tana kallona.

"Ke daga ina?"

"Daga wajen Bunkure, Siniya."

"Miya aka dafa da ke?"

Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Na kafa ido a kan silifas ɗinta. Ɗaya igiyar ta tsinke, an kama ta da fil.

"Sabuwa ce, na yafe mata ta yau," ta ce da sauran. Sannan ta sa bakin rular a haɓata ta ɗago fuskata. "Asabar mai zuwa idan na sake jin wannan abin, katifarki baranda. Kin ji ko, 'yar albasa?"

"Na ji, Siniya."

Daga ranar sunan ya bi ni. A masallaci ta gefena takan bar ɗan fili tsakanin kafaɗata da tata, duk da malamin addini kullum yana cewa a haɗa sahu. A ɗakin cin abinci wata ta ce in leƙa cikin tukunyar wake ko za ta yi ɗanɗano.

Ranar Litinin da muka dawo daga aji na tarar da kwalaben rolon zube a kan gadona. Tsofaffi ne duka, waɗanda suka kusa ƙarewa. Ɗaya ta bushe, ƙwallon ba ya juyawa. Wata akwai guntun gashin wata manne a jikin ƙwallon. Har da gwangwanin turaren feshi wanda idan aka danna sai ya yi tari kafin ya fitar da abu. 'Yan ɗakin suna zazzaune a gadajensu, kowa ta yi kamar tana wani aiki.

Ta gadon sama ta leƙo da kanta. "Sadaka ce muka haɗa miki. Ba a godiya a garinku?"

"Na gode."

"A'a, sadaka ai addu'a ake yi. Ki ce Allah ya karɓa."

Na ce Allah ya karɓa. Suka amsa da amin a tare, wata har da shafa fuska.

Na kwashe su na zuba a loka. Kuka ya zo min, amma a ƙasan kukan akwai wani ɗan daɗi, don ko ba komai yanzu ina da abin. Matsalar ita ce ban san yadda ake amfani da shi ba, rubutun jikin kwalaben kuma duk ya goge. Da yamma, da na ga ba kowa kusa, na tambayi ta gadon sama a hankali.

"Sai kin aske," ta ce, tana cin gyaɗa. "Ki aske tas, ki shafa nan take. Lokacin ne yake shiga jiki."

Har yau ban sani ba ko mugunta ce, ko ita ma iyakar saninta ke nan.

Rezar da nake fiƙe fensir da ita na ɗauka. A banɗaki ana layi, ana buga min ƙofa, don haka a bushe na yi askin, ba sabulu, ba madubi. Na yanke a wurare da yawa. Na goge jinin da bakin zani na murza rolon a kai. Zafin da na ji sai da na dafa bango.

Amma ban tsorata ba, don na tuna Baba. Idan tsutsa ta fi ƙarfin tumatir, yakan ninka maganin a tankin feshin da yake goyawa, ya fesa da safe ya kuma da yamma. Idan Inna ta ce ganyen ya fara ƙonewa, sai ya ce maganin da bai taɓa ganye ba ai bai taɓa tsutsa ba. Sai na ɗauka zafin nan alamar aiki ce. Warina ya yi yawa, dole maganinsa ya yi yawa. Na riƙa shafawa da asuba, in shafa lokacin tara a bayan aji a kan gumin, in shafa bayan azahar, wannan kwalbar a kan waccan. In fesa mai tarin a sama. In kawo alif ɗin Inna in goga. Da na samu ɓarin lemon tsami a bayan kicin, shi ma na matse a wurin.

Kafin tsakiyar mako fatar ta yi ja, ƙuraje sun feso. Daga nan kaluluwa ta fito a hammatar dama, wurin ya fara tsattsafo da ruwa. Hammatar rigata ta yi rawaya ta ƙage kamar an sa mata sitati. Warin kuma bai tafi ba, sai ya zama wani iri, zaƙi-zaƙi da tsami a haɗe, wanda ni kaina nake ji. Ba na iya haɗa hannuwana da jikina, sai na riƙa tafiya a buɗe. 'Yan ɗakinmu suka ce kaza ta ji zafin rana. Wata 'yar ajinmu ta riƙa bin bayana tana kwaikwayon tafiyar har bakin aji. A salla, ɗaga hannu don kabbara ya zama aiki. Duk da haka ban daina shafawa ba, don Asabar tana matsowa.

Ranar Asabar ɗin rigar ta manne da ciwon tun kafin a jera mu. Siniya ta duba farcena, ta duba kitsona, ba ta samu komai ba.

"Hannu sama."

Na ɗaga iya inda zan iya.

"Sama na ce. Ko rowar ƙamshin kike mana?"

Ta sa rular a ƙarƙashin gwiwar hannuna ta tura sama da ƙarfi. Na ji yadin ya ɓalle daga fatar. Ban yi ƙara ba, amma na ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta gefen haƙarƙarina. Ta sunkuyo, ta ja da baya, ta goge rular a jikin ginshiƙi.

"Da albasa ce," ta ce. "Yanzu ta ruɓe."

Ba kowa ce ta yi dariya ba a wannan karon, amma an yi. Ta sa yara biyu su fitar da katifata tukuna, sannan ta ce in tafi wajen nas. Ina kallo suka kama katifar da bakin yatsu, ta kusurwa, suka ja ta a ƙasa har ƙofar banɗaki.

Nas ɗin babbar mace ce, na same ta tana shan rake. Ta sa na cire riga ba tare da ta rufe taga ba, ga 'yan mata sun taru suna leƙe. Na faɗa mata duk abin da na shafa. Ta aika aka kwaso kwalaben, ta juye su a kwandon shara.

"Ke gona ce da za ki yi wa kanki feshi?" ta ce, tana wanke wurin da ruwan gishiri. "Tsaya mana, da kina yi ba ki ji zafi ba? Wannan abin a kan wankakkiyar fata ake sa shi, busasshiya, kaɗan. Ba a ɗora shi kan gumi. Ba a sa shi kan yanka. Idan an yi aski sai a bari ya kwana. Mai hana gumin ma idan za a kwanta ake shafa shi. Kuma ba a karɓar ragowar na wani, kin san abin da ke hammatar mai shi?" Ta juya wajen taga. "Ku ma da ku nake, munafukai."

Suka watse suna ƙyalƙyala dariya.

Ta shafa min wani farin magani mai sanyi, ta ba ni ƙwayoyi. "Daga yau ba rolon, ba alif, ba lemo, ba turare. Ruwa da sabulu mara ƙamshi kawai, ki bar wurin ya sha iska."

"Har yaushe, Anti?"

"Har ya warke mana. Ni na ƙona ki?"

Na tsaya ina lissafi a raina. Idan ban shafa komai ba, gumi zai yi abin da ya saba, Siniya za ta shaƙa, katifata ba za ta koma ɗaki ba. Asabar mai zuwa, da ta bayanta, da duk wadda za ta zo kafin fatar ta haɗe. Daga ƙofar ina hango katifar a ƙarshen baranda. Wata ta riga ta taka ta da jiƙaƙƙen silifas, sawun ya fito sosai.

A bayan nas akwai labule, bayansa gadaje biyu babu kowa a kai, da gidan sauro a ɗaure. Nan ake kwantar da masu ƙaranbau da masu ciwon ido, waɗanda ba a so su shafa wa sauran. Nas ta koma kan rakenta. Na matsa kusa da ita.

"Anti."

"Mene ne kuma?"

"Don Allah ki ce musu ciwon nawa ana ɗauka. Ki bar ni in riƙa kwana a bayan labulen nan."